Kwali Uku na Surukina

Wata uwa ce ta turo saƙon murya, ta ce a sakaya sunanta.

Salamu alaikum 'ya'yana. Ku matso ku ara mini kunne, wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, a kasuwar Adjamé na tsufa ina sayar da mayafai da turare. Mu mata goma sha biyu muke haɗa kaya a kwantena ɗaya. Da can kayanmu sai su yi wata a tashar jirgin ruwa ta Treichville ana zazzagewa, har 'yan duwan, wato kwastan, suka kira mu aka zauna, suka ce in za mu riƙa faɗin gaskiyar abin da muka ɗauko, su ma za su daina kwance mana kaya. Aka ce babba ta tsaya wa sauran, ni ce babba, na dangwala yatsa. Shekara huɗu, ko allura ba ta taɓa saɓa wa takarda ba.

To bana mijin 'yata ta fari ya aiko a ce mini yana da saƙo, kwali uku, a sa masa cikin namu. Kun san mu, ba a buɗe saƙo, balle na suruki, mutumin da ko ido ba ma haɗawa. Ya ce sabulu ne, na ce wa taransite mai cika mana takardu ya rubuta sabulu. Na'urar duwan ta haska, ashe magunguna ne da aka hana shigowa da su, aka riƙe kayanmu duka.

Babban 'yan duwan bai wulaƙanta ni ba, kujera ma ya ba ni. Ya ce, Mama mun san ba naki ba ne, ki faɗi mai su a saki kayan sauran, a ci gaba da yarda da ku. In kin yi shiru, yatsanki ne a takarda. Ya ba ni zuwa Litinin.

Matan suka same ni har gida a unguwar Bromakoté. Aminiyata, wadda muka yi shekara talatin muna cin kwano ɗaya, ta ce na zaɓi suruki na kashe musu kasuwa. 'Yata kuwa kuka take, wai in na faɗa na mayar da 'ya'yanta biyar marayu ubansu yana raye.

Ga inda kowa ya tsaya. Surukina ya kashe waya, ba wanda ya san inda ya shiga. 'Yata ta daina zuwa gaishe ni. Aminiyata ta rufe shago, ta koma tallan goro a unguwar Indénié. Taransite ya ajiye aikinmu. Ni kuwa ina kan tabarma, ina jiran Litinin.

In na yi magana gidan 'yata ya rushe. In na yi shiru gida goma sha ɗaya ne, ni kuma kurkuku da furfurata. Ku da kuka yi karatu, wanne Allah zai fi yafe mini?