Kalmasar da Innarku Ta Bari

Da sunan Allah mai rayawa, mai ɗaukewa. Ni mahaifinku, tsohon kafinta, nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina garau yake, ba wanda ya sa ni, ba kuma zafin ciwo ke magana ba. Ƙirjin ne ya gaji, likita kuma ya daina kallon idona in yana mini bayani, na kuwa san abin da hakan ke nufi. Zuwa gare ku ku uku: ke Malama babbarsu, kai Direba, da ke Auta.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa Allah ya riga ya raba muku, ba zan sa baki ba. Tsanin da ke jingine a bayan shago na maƙwabcinmu mai walda ne. A mayar masa, a ba shi haƙuri, ya daɗe a wurinmu har ya fara kama da namu.

Na biyu. Keken ɗinkin Innarku ya faɗo a rabona lokacin da aka raba abin da ta bari. Na yi wasiyya da shi ga Allura, 'yar marigayi ɗan'uwanku, tunda ita ba ta da gado a wurina. Kada a sayar, ko da an ce ya tsufa.

Kun san yadda yarinyar nan ta zo hannunmu. Uwarta ta rasu wurin haihuwarta, ubanta ya bi bayanta tun ba ta fara tafiya ba. Innarku ta ɗauke ta da furfurarta, ta goya ta tana taka keke, kamar yadda ta goya ku ɗaya bayan ɗaya. Da idonta ya yi rauni, yarinyar ce ke zura mata zare, daga nan sunan ya bi ta.

A kan abu ɗaya muka yi ta musu da Innarku tsawon zamanmu. Ni in na auna katako, a kan layi nake yankawa, ba ƙari ba ragi. Ita kuwa ba ta taɓa ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa ba. Sai ta bar yadi mai yawa, ta kalmashe shi ta ciki a gindin rigar da gefenta, in yaro ya ƙara tsawo ta warware. Ina tsokanarta cewa rabin yadin gidan nan a ɓoye yake, ita kuma ta ce ai katakona ba ya girma. Kai Direba, da wando ɗaya ka gama firamare, kana ta ƙorafin layin tsohon ɗinki ya fito a ƙafarsa. Haka take a komai. Ba ta taɓa dafa abinci daidai bakunan gida ba, ba ta kuma taɓa yin faɗa da mutum ta rufe masa hanyar dawowa ba.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Ina kwance a asibiti kwanan baya, kuna tsaye a baranda kuna zaton barci nake, na ji ana maganar inda Allura za ta zauna bayana. Ba ku haɗa baki ba, Direba ne ke kai saƙo tsakanin yayarsa da ƙanwarsa. Malama gidanta ya yi ƙanƙanta, Direba kullum yana kan hanya, Auta sai ta ji ta bakin surukanta. Duk gaskiya ne. Amma na juya fuskata bango na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki Innarku.

Na san mafarin gabar nan. Bayan rasuwar, rigunan da Innarku ta ɗinka wa yarinyar suka ɗage mata. Ke Malama kika tattara su a buhu za ki bayar sadaka, kika sayo mata na kanti. Ke Auta kika ce ana gaggawar share Inna daga gidan. Yayarki ta mayar miki da cewa ba a gan ki wurin jinya ba. Tun ranar ko gaisuwa babu, kuma a cikinku ba wadda ta juya riga ɗaya ta duba cikinta. Ku da kuka girma a irinsu!

Buhun bai fita ba, na tura shi ƙarƙashin gadona. Wata safiya rigarta ta kanti ta yage, ga makaranta, na ciro ɗaya daga buhun na juya ta. Rigunan da ta ɗinka a ciwon ajalinta ne, lokacin da ƙafafunta suka kumbura ta kasa takawa, tana juya keken da hannu, ina mata faɗa ta kwanta. Da can kalmasa ɗaya take bari. A waɗannan kuwa, kalmasa uku ta bari, wata a cikin wata, kowace da ɗinkinta. Ta san ba za ta ga tsawon yarinyar ba, sai ta auna shi da ka. Na zauna da reza na warware ta farko, Allura ta sa, ta yi mata cif.

Don haka ga roƙona. Ke Malama, ki ɗauki yarinyar, gidan da muka raine ku a ciki bai kai naki ba. Ke Auta, ke kaɗai kika koyi ɗinki a hannun Innarku. Keken zai zauna a ɗakin yayarki, duk lokacin da riga ta ɗage ke za ki je har can, ki yi sallama, ki warware, ki koya wa yarinyar. Ban yarda a aiko miki da rigar har gidanki ba. Kai Direba, karatunta a wuyanka yake, kuma ka daina zama ɗan aike, ka zaunar da su a tabarma ɗaya.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mana. Ku riƙe juna, kada yarinyar nan ta tashi tana zaɓen gidan da za ta gaisar a cikin gidajenku. Ku roƙa wa Innarku rahama, ku haɗa da ni. Buhun yana nan ƙarƙashin gado. Saura kalmasa biyu a rigar da na taɓa, uku a kowace ta cikin buhun, kuma ba ni zan warware su ba.