Binciken Aure a Filin Besbol

Gwammaja, Kano
4 ga Janairu

Zuwa ga ƙanena Dakta Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Hureira da yara kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Hajiya tana gaishe ku, ta ce man zafin da ka aiko mata ƙanshi kawai gare shi.

Na rubuta da hannu na sa an ɗauki hoto an turo maka ne saboda maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Jiya iyayen yaron nan Hadi suka zo neman auren 'yarmu Walida ta wajenka. Mun bincika asalinsu har kakanni, ba mu ji abin ƙi ba. To amma yaron shekararsa biyar a Maleshiya, a nan ba wanda zai ce ga halinsa yanzu. Na ce su ba ni mako uku. Ni ne waliyyi, amma kai ne kake ganinsa, saboda haka wannan rabin binciken yana wuyanka.

Sannan wace magana nake ji, wai duk Asabar kana sa ƙarfe a fuska kamar mai walda, ka sunkuya a bayan 'ya'yan mutane kana ihu? Koyarwar da ka tafi yi ke nan?

Ka gaishe min da kowa. Wassalam.
Yayanka, Salisu

Taman Melati, Kuala Lumpur
6 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Alhaji Salisu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa da girmamawa, takardarka ta iso, duk muna lafiya. A gaishe da Hajiya.

Ba ihu nake yi ba, Yaya, alƙalanci nake yi. Wasan sunansa besbol, muna da 'yar gasa ta ɗalibai da ma'aikata a wani fili nan Setapak. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana riƙe da sanda zai buga, na uku yana tsugune a bayan mai sandar da ƙatuwar safar hannu ta fata yana cafe abin da ya wuce. Akwai wata taga a iska wadda ba a zana ba, daga gwiwar mai sanda zuwa ƙirjinsa. In ƙwallon ta bi ta cikin tagar bai buga ba, an ci shi ɗaya, sau uku ya fita. In ta bi ta waje, laifin mai jifa ne. Mai cewa ta shiga ko ta fita kuwa, ni ne. Ba yabon kai ba, Malayawan nan suna kirana Mata Helang, wato mai idon mikiya.

Wancan na ukun mai tsugunno, Hadi ke nan. Shekara biyu ina tsaye a bayan ƙeyarsa, ba na jin akwai uban da ya taɓa samun damar bincike irin wannan. Yana sallah a kan lokaci, karatunsa na injiniya yana tafiya, kuma bai taɓa juyowa ya yi min musu a kan hukunci ba. Ina son yaron, ba zan ɓoye maka ba.

Sai dai ni malamin ƙididdiga ne, ba na ba da shaida da zuciya. Wani ɗan Cana a cikinmu yana ɗaura kyamara a jikin wayar shingen filin yana ɗaukar duk wasanninmu. Na karɓo bidiyon, zan auna aikin yaron da alƙaluma in aiko maka.

Na bar ka lafiya.
Ƙanenka, Yusha'u

Taman Melati
12 ga Janairu

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Na ware jifa ɗari shida waɗanda suka bi ta bakin taga, irin waɗanda za a iya cewa ciki ko waje. Don kada in zalunci kowa, na kwatanta masu jifa iri ɗaya, alƙali ɗaya wato ni, mai cafewa ne kawai ya bambanta. In wani ne a gabana, a cikin ɗari nakan ce arba'in da takwas sun shiga. In Hadi ne, saba'in da ɗaya! Na rage gudun bidiyon na ga yadda yake yi. Safar hannunsa tana farawa daga waje, ta taho ta tarbi ƙwallon tana shigowa ciki, sai ya daskare. Kansa ba ya motsi, kafaɗarsa ba ta motsi. Ni kuma gogan naka sai in ɗaga hannu in kwarara ihu cewa ta shiga.

Na kira shi mamak bayan la'asar, wato shagon shayin Indiyawa na bakin tasha, na ajiye masa takardar a gabansa. Na ce, "Hadi, ƙwallayen nan a waje suke, ka sani?"

Ya ce, "Some of them, Baba. Firemin ake ce masa. Aikina ke nan lah, saboda shi ma coach yake sa ni."

Na ce, "Ni kake yi wa firemin?"

Ya ce, "Duk wanda ya tsaya a baya ne, Baba. Wallahi ba personal ba ne."

Ko sunkuyar da kai bai yi ba. Wai har yana tambayata ko a yi wa Mama tapau, wato a ƙunshe mata roti, in tafi mata da shi gida.

Yaya, wanda ya yi shekara biyu yana mayar min da waje ciki yana murmushi, me zai yi wa 'yata a ɗakinta? Na ce kada ya ƙara tako min gida. A dakatar da mutanen nan.

Yusha'u

Taman Melati
15 ga Janairu

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum Baffa. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Hajiya da su Umma. Don Allah kada Abba ya san na rubuto.

Gidanmu kwana uku ba mai dariya. Abba ya rataye ƙarfen fuskarsa a bayan ƙofa, duk wucewa sai ya harare shi. Ya ba ni alƙaluman ya ce in zana masa su a kwamfuta don in ga irin mutumin da nake so. Na zana, Baffa, amma na ƙara da abin da bai sa ni ba.

Abin da Hadi yake yi ba a ɓoye yake ba, koyar da shi ake yi, kuma da shi ake auna ƙwarewar mai cafewa, tare da tare ƙwallon da ta faɗi ƙasa da saurin jefa ta don a fitar da abokin hamayya mai gudu. Muna da wasu alƙalai biyu. A gabansu Hadi yana samun hamsin da bakwai a inda wasu ke samun arba'in da takwas. Wannan taran ita ce gwanintarsa. A gaban Abba, shekarar farko, hamsin da takwas ne, kusan daidai da sauran. Amma daga watan da Hadi ya fara zuwa gida gaishe shi, sai abin ya haura tamanin da huɗu. Abba haɗe shekarun biyu ya yi ya samu saba'in da ɗaya. Na kalli bidiyon sau da yawa, hannun Hadi bai canza ba ko kaɗan.

Baffa, ba zan iya tsayawa a gaban Abba in ce masa lissafinsa bai cika ba. Ɗalibai ma ba sa iyawa, balle ni. Amma ina son Hadi, kunya ba za ta hana ni faɗa maka a takarda ba, kuma ina tsoron ranar da za ka ba iyayensa amsa. Kai kaɗai Abba yake jin maganarka.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Walida

Gwammaja, Kano
17 ga Janairu

Zuwa ga Mai Idon Mikiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina yi maka jaje. Na karanta wa Hajiya takardarka, ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Yusha'u, shekara talatin da biyar ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. In mace ta zo, nakan fito da turmi bakin ƙofa inda haske yake, in ware shi ta gefen da zanen ya fi fitowa. Ba wanda ya taɓa ce min maha'inci. Duk ranar da na naɗe yagewa a ciki don kada a gani, ran nan ne na ci amana. To yaron nan ɓoye ƙwallon ya yi? A gabanka ta wuce, da rana tsaka. Da ka tambaye shi, musawa ya yi? Ni a bincikena na aure, yaron da uban yarinya zai tsare shi ya faɗi gaskiyar da za ta iya raba shi da ita, ba na wasa da shi.

Ba tsoron abin da zai yi wa Walida ne ya hana ka cin abinci ba, sunan da Malayawa suka sa maka kake jimami.

Ga aiki zan ba ka, tunda kai sai da alƙaluma. Ka raba lissafin nan gida biyu, kafin watan da ya fara zuwa gaishe ka, da bayansa. Kada ka tambaye ni inda na koyi wannan. Mutanen za su dawo ranar ashirin da biyar, in ka ce a'a bayan ka raba, wallahi a'a zan faɗa musu, ko da raina bai so ba.

Ka gaida Hureira da haƙuri da kai. Wassalam.
Yayanka, Salisu

Taman Melati
23 ga Janairu

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, a kwance nake rubutowa.

Na raba. Na kuma gane wadda ta koya maka. Ka ce mata aikinta ya yi kyau, ni bakina bai iya ba tukuna.

Asabar ɗin nan, don fushi, na tsaya a bayan wani mai cafewa. Ƙwallo ta same ni sau uku, a cinya, a kafaɗa, da wurin da ba a rubutawa. Da na koma bidiyon Hadi, sai na ga jifa ɗari da arba'in sun daki ƙasa sun taso kaina, duk ya tare da ƙirjinsa. Wannan ban ƙirga ba.

Na rubuta wa shugaban gasa na ce a cire ni daga duk wasan da Hadi yake ciki. Ya tambayi dalili, na ce masa dokarmu ta hana mutum alƙalanci a wasan ɗansa.

Ka ba su, Yaya.

Ƙanenka, Yusha'u