A Kwandon Shara Nake Ɓoye Zawarawa

Baji Nighat, ki taimake ni kafin in hana mijin 'yata sake cin biryanina.

Ni mai dalilin aure ce a Multan, nan Pakistan. Iyaye kan ba ni hotunan 'ya'yansu in zuba a kwamfuta, masu nema su zo falona su duba. Amma zawarawa, kin san bakin mutanen garinmu, iyayensu sai sun rantsar da ni cewa ba mai ganin hoton sai wanda ya zo da gaske. Su kuwa uwayen samari, da na tashi ɗauko shayi sai su ja linzamin kwamfutar su leƙa ko'ina. Wuri ɗaya ne ba sa buɗewa, kwandon sharar kwamfutar. To can nake ajiye matan nan, kuma ko a jikina.

Yanzu kwamfutar ta yi nauyi, kafin ta buɗe shayi ya huce. Shahzeb, surukin nawa, ya kwaso wata manhajar share faifai a kasuwa, wai da dannawa ɗaya take wanke komai. Na ce ba za ta shiga ba. Ya yi mini dariya a gaban 'yata, wai mai hankali ba ya ajiya a shara. Raina ya ɓaci ƙwarai. Idan hotunan suka tafi, da wane ido zan koma wurin dattijon da ya miƙo mini hoton 'yarsa yana share hawaye? Gara kwamfutar ta mutu a hannuna. Ki gaya masa ni ce da gaskiya.

Wadda Ta Ƙi, Multan

Apa, yayata, rabin gaskiyar taki ce. Duk manhajar da ke gogewa ba tare da ta nuna miki abin da za ta goge ba, kada ki bari ta shiga, balle wadda aka kwafo a kasuwa ba a san abin da ke tafe da ita ba. Kwandon shara kuwa shi irinsu suke fara kwashewa. Kin yi daidai da kika tsaya.

Sai dai Shahzeb ma bai yi ƙarya ba, dariyar ce ba ta kamata ba. Kwamfutar da kanta tana iya zubar da tsofaffin abubuwan kwandon in wuri ya ƙure mata. Sa'a kawai kike ci.

Ki sa ya nuna miki yadda ake kulle fayil da kalmar sirri, ya juya baya ki rubuta taki. Ki kwafe hotunan a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ki jefa a akwatin gwalagwalanki. Sannan ku yi shara da abin sharar da ya zo tare da kwamfutar, ya isa, kina zaune kina karanta komai kafin a danna.

Ki fito da su yau, Apa. Matan nan an riga an yar da su sau ɗaya. Allah ya ba kowacce wanda zai riƙe ta da mutunci, ya huci zuciyarki.