Kwanon Cika-Ciki, Ban da Kwaɗo

Gaisuwa buhu-buhu, shaƙe da amalanke, zuwa ga ɗaukacin jama'ar gidan Kawu, manya da ƙanana, na tsaye da na zaune da wanda ya laɓe bayan rumbu ya kasa kunne! Ina gaida Inna, ina gaida matan gida, ina gaida maƙwabta masu leƙe ta katanga, ina gaida akuyar nan mai kunne ɗaya da ta cinye min hula. Na san halinku sarai, takardar nan sai ta bi hannu bakwai kafin ta isa ga mai ita. To duk na gaishe ku, kowa ya amsa ya kama gabansa. Daga nan zuwa ƙasa ba naku ba ne.

Zuwa gare ki Aina'u, taubashiyata, 'yar Kawuna, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, furen wake da hantsi, inuwar ɗorawa ga wanda ya kai ƙarshen kunya, zumar da ba a kaiwa kasuwa! Ni ne Sama'ilu, ɗan Gwaggonki, wanda in ya riƙe garma ƙasa ke ba shi hanya, gwarzon da ba a taɓa kayarwa ba in ban da sau uku. Ki yi haƙuri da rubutun, na san kamar sawun zabi ne a kan laka, a aji uku na yi sallama da makaranta. Da baki na fi ƙarfi. Amma bakin ne ya kashe ni. Saƙon murya da na tura miki a waya ran Salla, wanda na yi sau tara ina gogewa, an ce kin kunna wa ƙawayenku a wurin kitso, har wata ta faɗo daga kan turmi don dariya. Shi ya sa na ari biro. Biro dai ba shi da murya.

Aina'u, na gaji. Wallahi na gaji! Wane irin bala'i ne mutum ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa a rasa mai yarda? Na ce ina son ki da aure. Da aure, irin na goro da shaidu da liman! Na fara da tsohuwata, na same ta tana tankaɗe na gaya mata, ta yi dariya har gari ya shige mata hanci. Na je wurin Baffana na ce ya shige min gaba, ya ce in bari ya gama noma, wasan nan yana son nutsuwa. Da na ga haka na zura babbar rigata ta Salla, na taka da ƙafata har zauren Kawu bayan la'asar, na durƙusa, na sunkuyar da kai, na faɗa masa tiryan-tiryan. Kin san me mahaifinki ya ce? Ya ce, "Ja'iri, bara ma ai ka ce za ka haɗa ta da akuyar ka aura. Tashi miƙo min buta." Na miƙa masa butar, Aina'u! Da babbar riga! Na fito ina jin dattawa suna cewa yaron nan kullum ƙara gwanancewa yake.

To laifin wa? Nan ne abin ya fi ƙona min rai, don na duba gabas na duba yamma ban ga mai laifi ba sai ni. Tun kina tallan gyaɗa nake ce miki matata. Wa ya kawo ƙwan zabi uku a cikin hula ya ce sadakinki ne? Ni. Wa ya tsaya a bikin Ramlat ya yi shela wai kowa ya kauce uwargidansa za ta wuce? Ni. Wa ya manna gemun gashin akuya da tashe ya ɗaura mana aure a ƙofar gidanku, shi ne liman shi ne ango? Ni ɗin dai. Wasan taubasai ne, kowa ya san haka, ni ma haka na ɗauka. Shekara goma sha ina zuba maganar nan a ƙasa kamar ruwan wanke-wanke, yau da ƙishirwa ta kama ni na duba tulun babu ko ɗigo.

Ban san ranar da wasan ya juye ba, amma na san ranar da na gane. Kin tuna daminar bara, da na ɗauko ki daga kasuwar Kunci, babur ɗina ya mutu a tsakiyar gonaki, hadari ya taso? Ina turawa, kina gefena da faifai a ka, ruwa na bin haɓarki yana ɗiga. Gero ya kai ƙugu, kore shar, iska na kwantar da shi tana tayarwa. Na juyo zan yi miki tsiya sai na ga fuskarki, kamar wata ya leƙo ta tsakanin gajimare, maganar ta maƙale. Muka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan. Sai kika ce, "Sama'ilu, ashe kana iya shiru?" Wayyo Allah! Ga ƙofa kin buɗe min har bango! Maganar tana nan kan harshena da ɗuminta. Me na ce? Na ce ina lissafin buhun da za ki cinye min ne in na aure ki. Kika yi dariya, kika kwaɗa min faifan. Amma na ga dariyar ba ta kai idonki ba. Ko ni na ga haka don ina so in gani? Shekara guda ke nan tambayar nan na cina kamar gara a cikin azara.

Tsaya tukuna kafin in manta. Ƙuli-ƙulin nan naki mai yaji, ki ba yayata, Yaya Hure, ta taho min da shi in ta kawo miki takardar, ko ƙulli biyu ne. Na kasuwa duk ƙasa ne, saura kaɗan in bar haƙori a ciki. Kar ki ce wai mai neman aure ba ya roƙo. Ciki daban, zuciya daban, kowanne da ciwonsa.

To mu koma. Ran Juma'a liman ya ce shekara ta zo ƙarshe, Muharram na bakin ƙofa, kafin mutum ya ce zai yi kaza da kaza a sabuwa, ya zauna tukuna ya binciki kansa, abin yarwa ya yar. Kowa ya gyaɗa kai ya tafi cin abinci. Ni kuwa maganar ta bi ni har gona. Washegari da rana ta take na jingine fartanya, na zauna gindin ɗorawa, na ce Sama'ilu, yau ba 'yan kallo, faɗi gaskiya. Na fara sauke kaya. Kurar da na ce na kashe da sanda a hanyar Bici, kare ne, kuma ma ya tsere. Buhu biyu da na ce na ɗauka a ka lokaci guda a Dawanau, ɗaya ne, shi ma sai da mutum biyu suka ɗora min. Kwaikwayon muryar Mai Unguwa na bari. Gemun gashin akuya, wanda na adana shekara shida a cikin leda kamar takardar gona, na haƙa rami a kunya na binne shi, ya zama taki. Na daɗe tsaye a kansa, don gemun nan shi ya yi min suna. Ba don shi ba wa ya san Sama'ilu? Na yafe wa akuyarku hulata. Na yafe wa Kawu butarsa, ko da yake wannan da ƙyar.

Daga ranar ban sake yin wasa ba. Kwana huɗu cur! Kin san sakamakon? Tsohuwata ta jiƙa min sabara wai shawara ce ta kama ni. Mai shayi ya aiko a tambaya ko ya yi min laifi ne, teburinsa ya watse. Jiya na wuce majalisa na yi sallama kamar kowane mutumin kirki, fuska a ɗaure, sai gaba ɗaya suka kwashe da dariya, abokina Mati har da riƙe ciki yana cewa wannan sabon salon ya fi na gemu. Ina zan sa kaina? In na yi magana dariya, in na yi shiru dariya! Ina jin ko gawata aka ɗauko sai wani ya ce ku jira, yanzu zai tashi.

Kuma lokaci ba ya jirana. Yaya Hure ta gaya min manyan Malam Abdulkabir, malamin firamaren nan mai tabarau, za su zo gun Kawu ran Asabar ɗin bayan cika-ciki, kuma Kawu ya ce ba zai amsa ba sai ya ji ta bakinki. Na so in samo wa malamin nan aibu, na yi bincike har Bici. Babu! Ba ya shan komai, ba ya faɗa, yana gaida tsofaffi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Shi sau ɗaya ya buɗe baki aka shimfiɗa masa tabarma. Ni na faɗa sau dubu ana miƙo min buta.

Ba ni da tabarau, ba ni da satifiket. Amma ki tambayi Yaya Hure ɗakin da ke bayan na tsohuwata. Da rani na buga tubalinsa da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, na rufa kwano, na fitar da taga ta gabas don kin taɓa cewa kina son hasken safe. Da aka tambaye ni na ce na tantabaru ne. Kin ji halin nawa ko? Har lalle na dasa a bakin ƙofar, ya kama, ya yi ganye. Wace tantabara ce ke ƙunshi, Aina'u?

Ya sanyin randa da azahar, ya kurciyar kan rumbunmu, ya nonon safe da ba a taɓa da ruwa ba! Ke kaɗai ce a garin nan kika taɓa jin shiruna. In ke ma kika ce wasa ne, to wa ya rage? Ba na neman ki ce kina sona don tausayi. Abu ɗaya nake roƙo, ki yarda da gaske nake, sannan ki yanke abin da kika ga dama.

Ga yadda za mu yi, tunda baki ya ƙi. Kowace shekara ran cika-ciki kina aiko min da kwano a rufe, ni kuma in tara jama'a in buɗe. Shekarar farko tsakuwa kika zuba kika yaryaɗa miya. Wata shekarar ƙashi tsirara. Bara kwaɗo, da ransa, ya yi tsalle ya faɗa shayin Mati, aka yi wata guda ana labari. Na san Inna ta ajiye jelar ragon layya tana jiran ranar, na gan ta rataye a madafa. To bana, in maganata ta shiga, ki sa min tuwo na gaskiya da yankin jelar nan a kai, ko kamar ɗan yatsa ne. Ina gani zan je in ɗauko Baffa, ko a kafaɗa ne, mu riga Asabar zuwa. In kuwa ba ta shiga ba, sako kwaɗonki. Zan gane. Amma don girman Allah kar ki sako shi don sabo kawai, ki ce ai Sama'ilu ne! Bana kwaɗo amsa ce. Ki dube shi da kyau kafin ki rufe murfin.

In kwaɗon ne, ba zan yi miki baki ba, ba zan ɗaure wa malamin fuska ba. Liman ya ce abin yarwa a yar, to zan gwada, ko da yake wannan ya fi gemu nauyi nesa ba kusa ba. Ni zan ɗauki gadonki a ka in kai ɗakinki, in tsaya a bikin in yi miki tsiyar taubasai har mata su riƙe ciki, ba wanda zai san komai. Ɗakin kuma in zuba tantabarun gaske, kin ga ƙaryata ɗaya ta zama gaskiya.

Kowa a majalisa ya gama faɗin abin da zai yi a sabuwar shekara, wannan zai sayi sa, wancan zai tafi Legas. Suka ce kai fa? Na ce ban sani ba tukuna, suka yi dariya. Gaskiya na faɗa. Shekarata tana cikin kwanonki, a rufe.

Kuma bana ba zan tara kowa ba. Zan shiga ɗakin nan mai tagar gabas, in ja ƙyaure, in buɗe ni kaɗai.

Naki jiya, naki yau, naki ko me na tarar a ciki,
Sama'ilu ɗan Gwaggonki.

Ƙuli-ƙulin dai ba ya cikin wannan shari'a. Shi ki aiko ko ta yaya.