Bargon Jikarki da Keken da Kika Bar Mini

Assalamu alaikum, Yaya Hajara.

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Malam, ya yara, ya zaman nesa da gida? Mu nan Tumfure lafiya, alhamdulillahi.

Yaya, keken ɗinkin da kika bar mini ya tayar mini da hankali. Bargon sunan jikarki nake ɗinkawa, mai auduga a tsaka. Na sauke haƙoran keken masu jan yadi, ina juya yadin da hannu ina fitar da furanni. Sama gwanin kyau, amma ƙasa zare duk ya cukurkuɗe. Na ɗaure zaren sama, ya tsinke. Na sassauta, abin ya ƙaru. Mai gyara ya gwada ɗinki a miƙe, ya ce lafiyarsa ƙalau. To, ni ba a miƙe nake ɗinkin ba!

Maƙwabciyata ta ce, “Haba Asma'u, wa zai juya bargo ranar suna?” Na ce mata ai ƙasan ne zai taɓa jaririyar, yatsunta za su iya sarƙewa. Na farke shi kaf.

Suna ya matso. Don Allah ki faɗa mini yadda kike saita kwarkwaron zaren ƙasa, ki kuma sa ni a addu'a. Kin san ba zan ba ta shi a haka ba.

A gaida Malam da yara.

Ƙanwarki,
Asma'u