Takobin da Aka Yi wa Wanka

Zuwa ga yayana, Mas Hartoyo, a Jakarta.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin da sauƙi. A gai da 'yarmu Ningrum da maigidanta.

Mas, wasan kwaikwayonmu na gargajiya, wato ketoprak, na bikin gari ya matso, kuma bara kujeru muka yi wa wasa, yara duk suna can sun duƙufa a kan waya. Bana ina so takobin jarumi ya yi haske in an zare shi daga kube. Kai ne injiniyan gidanmu. Me zan saya? Ka rubuta dalla-dalla, ka san kan ƙanenka ƙwaryar kwakwa ce.

Naka, Kasdi.

*

Dik Kasdi,

Wa alaikumus salam. Jiki yana nan yadda ka bar shi. Injiniya kuwa, an daɗe da binne shi. Wanda ya yi karatun lantarki a Bandung yau aikinsa kallon rufin motoci daga saman bene.

Ga abin da ka tambaya. Ka samo bututun roba mai haske, da tsirin ƙananan fitilun nan da ake mannawa a allon shaguna. Ka manna tsiri biyu baya da baya, ka naɗe su da farin soson da ake naɗe kaya, in ba haka ba hasken zai fito ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Makunni ya zauna inda babban yatsa ke sauka. Na zana maka komai a bayan takardar nan.

Saura batir. Akwai na kanti, uku a jere cikin mariƙi. Ba sa faɗa da kowa, amma haskensu na raguwa kafin a kashe mugun sarki. Akwai kuma na cikin tsohuwar kwamfuta: haskensa har bayan fili, sai dai in aka haɗa shi ba daidai ba, ko ya bugu, wuta yake kamawa a hannun mutum. Wannan sai wanda ya sani yana tsaye a wurin.

Shi nake so ka zaɓa, kuma ba zan ɓoye maka dalili ba. Tun da ƙarfen dalmata na liƙa wayoyi ya tayar da ƙararrawar hayaƙi, masu gadi suka hau da gudu, Ningrum ta kulle shi a durowarta. "Baba, ka huta mana," in ji ta. Na ce hutawa daga me? Lif ɗin gidan nan ba ya motsi sai da kati, katin kuwa yana jakarta. Ba muguwa ba ce, tsoro take kada in sake faɗuwa. Amma in ka gaya mata takobin ba zai yiwu ba sai da ni, za ta ji kunyar baffanta. Ka fitar da ni daga nan, Dik, ko na mako guda.

Yayanka, Hartoyo.

*

Mas Hartoyo,

Gaisuwa da girmamawa. Albishirinka: takobi ya kama! Na kai zanenka wurin Mbak Lastri mai gyaran waya a kasuwa. Ta duba ta ce, "Wanda ya zana wannan bai bar mini abin tambaya ba." Da na ambaci batirin kwamfuta ta harare ni: "Pak Kasdi, jarumin naka da ko jiya ya faɗo daga dandamali za ka ba wa wuta a hannu? Ka gaji da shi ne?" Sai muka sa na kanti.

Na kira Ningrum duk da haka. Ta tambaya ko takobin ya yi aiki, ni kuwa baki ya riga ni, na ce ya yi. Ta ce to alhamdu lillahi, ba sai an wahalar da Baba ba. Ka yafe mini, Mas.

Amma ka ji girman da aka ba aikinka. Mbah Sarju, tsohon da ke kula da makaman ƙungiyar wasanmu, da ya ga hasken sai ya cire hula. Ya ce wannan ba abin wasa ba ne, in watan Suro, wato Muharram, ya kama zai yi masa wankan shekara tare da wuƙaƙen kakanni, da ruwan kwakwa da lemun tsami da furanni.

Naka, Kasdi.

*

Dik Kasdi,

Na amsa gaisuwa. Ashe da hannuna na rufe wa kaina ƙofa. Da na yi zanen a hargitse kamar yadda ake komai a ƙasar nan, da yanzu ina zaune a barandarka ina shan shayi.

Matar nan ta yi gaskiya a kan batir. Ka gaya mata na ce haka.

Na so in yi shiru a kan Mbah Sarju, takobin ya lalace a neme ni. Na ajiye alƙalami, na zagaya ɗakin nan, na dawo. Ban iya ba. Kada a yi wa takobin wanka. Lemun tsami yana cin tsatsar ƙarfe, amma in ya shiga mariƙi zai cinye makunni da bakin wayoyi, hasken ya mutu. Ya shafa masa turare a kube, ya isa.

Shi ke nan, ba ku da sauran bukata gare ni. In an yi wasan ka aiko hoto, Ningrum za ta nuna mini a wayarta.

Hartoyo.

*

Mas,

Gaisuwa. Takardarka ta iso a kan lokaci. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, ban nuna wa Mbah Sarju ba.

Jiya Mbah Sarju ya yi wankan makamai. Ni na riƙe masa ƙwarya, kuma bai yi rowar lemun tsami ba. Takobi ya mutu murus. Mbak Lastri ta kalle ni, ta kalli takobin, ta ce ita wannan ya fi ƙarfinta.

Na kira Ningrum na ce takobi ya mutu, sai kai za ka tayar da shi, kuma wannan karon na kama bakina. Ta tambaya ko gidana yana da matakala. Na ce babu ko ɗaya. Ta ce za ta yi tunani.

Kada ka ce mata komai. In ta buɗe durowar nan, ka ɗauko ƙarfen dalmarka.

Ƙanenka, Kasdi.