Baba Ya Shirya wa Auta Jakar Kyamara

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, Alhamdulillahi. Ciwon gwiwar Umma ya yi sauƙi har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, ka kuwa san alamar lafiyarta ke nan.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san tun da idonsa ya yi rauni ya rufe shagon hoto, magana ta zama nauyi a bakinsa. Sai ya wuni a kujerar falo, abinci ma sai da lallashi. Kabad ɗin da ya kulle gilasan kyamararsa kuwa, ko ƙura ba ya yarda a goge. Ana nan sai Auta ta samu aikin ɗaukar hoto da wani kamfanin gine-gine, za ta bi su wurare masu nisa, hanya duk gargada, kuma ƙaramar jaka ɗaya aka ce ta riƙe. Ta yi ƙarfin hali ta roƙe shi aron gilasan. Sai ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa mata.

Ta baje su a tsakar falo, ta cusa wannan ta zare wancan, zif ya ƙi rufuwa. Da biyu suka gogi juna, ƙarar ta kai kunnen Baba, ya ce ta dakata, ba tukwane take jerawa ba. Yaya, da kansa ya sauko ƙasa ya naɗe ƙafa kamar saurayi. Da lalube kawai yake gane kowanne, ya ce wannan na fuska ne, wancan na dogon gini. Ya tabbatar kowane gilashi da murfinsa gaba da baya, ya kifa hulunan tare rana a jikinsu don kada su ci wuri. Ya ciccire soson da ya raba cikin jakar, ya sake manna shi daidai faɗin kowanne. Mai nauyin ya kwantar a gefen da zai jingina da bayanta, ƙananan biyu ya zura cikin sababbin safar Umma ya ɗora ɗaya bisa ɗaya. Umma ta ce safarta fa, ya ce ai dama ba sawa take ba, jikoki take tara wa gado. Da ya ja zif sai ya ɗaga jakar kusa da kunnensa ya girgiza. Shiru kake ji. Ya gaya wa Auta cewa duk jakar da ta yi magana, ba a gama shirya ta ba. Na tsaya ina kallon hannuwan nan da suka ciyar da mu, na ce ashe abin da babba ya hango, ko da yatsa ne, yaro bai isa ba.

Auta ta bugo waya daga can, ta ce motarsu ta faɗa rami jakar ta wuntsula daga kujera, amma ko ƙwarzane babu. Baba ya karɓi wayar, suka daɗe yana tambayarta ta ina rana ke bugun ginin, yana gaya mata gilashin da za ta ɗaura. Jiya ma ya sa na raka shi shagon, muka buɗe tagogi ya sha iska.

Don haka ga roƙona. In ka kira shi, kada ka fara da tambayar ido, ya gaji da amsa ta. Ka ce kana son sayen kyamara, ka tambaye shi wace iri ce ta dace. Ka tanadi lokaci, don ba zai sake ka da wuri ba.

Umma da Gwaggo suna gaishe ka, Kawu ma ya ce a miƙa tasa. Ka gaishe mini da Antina, da Babban Yaro, da takwarata sarkin rigima. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Ta Tsakiya